Fashin Baƙi Kan Matsalar Silo A Tsohon Babur

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da tsofaffin babura, irin waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1950 da na 1970, ya san wannan hali: babur yana gudu lafiya ƙalau a kan hanya, yana karɓar giya ba gardama, amma da zarar an saki totur domin a tsaya, sai injin ya yi tari biyu ko uku ya mutu. Wani kuma akasin haka yake yi, a saki totur ƙararsa ta ƙi sauka, sai bayan wani lokaci ta lafa. Wannan juyawa da inji ke yi a hankali shi kaɗai, ba tare da an murɗa masa totur ba, ita makanikai ke kira silo, kuma a kanta masu tsofaffin babura suka fi ɓata lokaci da haƙuri. Abin da kusan kowa ke fara yi shi ne ya ɗauko sukundireba ya nufi kafireto, wato na'urar da ke cakuɗa fetur da iska kafin su shiga inji, ya ɗaure wannan sukuru ya sassauta wancan. A ganina daga nan kuskure yake somawa, domin sukurun silo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata hannu ya taɓa, kuma dalilin hakan yana cikin yadda injin kansa yake aiki a wannan yanayi.

Babu lokacin da inji ya fi rauni kamar lokacin silo. Galibin babura masu bugu huɗu suna yin silo ne tsakanin juyi 900 zuwa 1,200 a minti ɗaya, kuma a irin wannan inji fistin yana samun turin wuta sau ɗaya kacal a kowane juyi biyu, sauran tafiyar nauyin ƙarfen da ke juyawa ne ke ɗaukarta. Ƙofar totur, wato marfin da ke buɗe wa iska hanya a cikin kafireto, kusan a rufe take, iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce, kuma tana cakuɗuwa da ragowar hayaƙin da bai gama fita daga silinda ba. A lissafin ƙonewa, fetur yana buƙatar iska mai nauyinsa sau 14.7 kafin ya ƙone tsaf, amma a silo inji yana son mai ya ɗan fi haka yawa saboda wancan ragowar hayaƙi. Ga shi kuma janaretan babur ba ya ba da wutar kirki a ƙaramin juyi. Idan aka haɗa waɗannan duka za a ga cewa ɗan ƙaramin lahani, wanda gudu ke rufe wa asiri a kan hanya, a silo ne yake fitowa fili. Ɗigon iskar da ke sulalowa ta wata tsaga ba ya wani tasiri idan totur a buɗe yake, amma idan an rufe shi, wannan ɗigo yana iya zama kaso mai tsoka na dukan iskar da injin ke shaƙa. Saboda haka lalacewar silo alama ce da ke iya fitowa daga wurare da yawa, kuma kafireto ɗaya ne kawai daga cikinsu.

Kafin a kwance komai, ya kamata a saurari babur ɗin, a kuma tambayi kai abin da ya sauya kwanan nan. An sake tankin mai ne, ko an cire filtar iska, ko babur ɗin ya yi watanni a ajiye? Ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa amsar tana cikin aikin ƙarshe da aka yi. Bayan haka sai a lura da yanayin da matsalar ke bayyana. Babur ɗin da ba ya tsayawa a silo sai an ja masa cok, da zarar an mayar da cok kuma ya mutu, mai ne ya yi masa ƙaranci ko iska ta yi masa yawa. Haka ma wanda ƙararsa ke maƙalewa a sama bayan an saki totur, ko yake atishawa ta bakin kafireto. Wanda kuwa yake tashi cikin sauƙi da sanyin safiya ba tare da cok ba, amma idan ya ɗumama sai silonsa ya yi nauyi, yana fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur har ya shaƙe ya mutu, wannan mai ne ya yi masa yawa. Fulogi yana ƙara haske: baƙin toka busasshe yana nuna yawan mai ko raunin wuta, fari fat yana nuna ƙarancin mai, baƙi mai maiƙo kuma yana nuna man inji na haurowa cikin silinda. Akwai rukuni na uku da ya fi rikitarwa, wato babur ɗin da ke silo daidai idan yana da sanyi, amma bayan tafiyar minti ashirin ya fara mutuwa a duk inda aka tsaya. Wannan galibi ba laifin kafireto ba ne sam, kuma mai murɗa sukuru a kansa ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Wurin farawa shi ne cikin injin kansa, wato matsin silinda da tazarar bawul. Kafireto ba ya tura mai da ƙarfinsa, zuƙar fistin ce ke jawo shi, don haka injin da ba ya zuƙa da kyau babu saitin da zai gyara masa silo. Ana auna matsi da gejinsa, inji yana da ɗumi, totur a buɗe gaba ɗaya, a yi ta buga kik har allurar gejin ta daina hawa. Adadin da ya dace yana cikin littafin kowane babur, amma a inji mai silinda biyu ko fiye, bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda da 'yar'uwarta abin dubawa ne. Idan matsin ya yi ƙasa, a zuba ɗan man inji ta ramin fulogi a sake aunawa: in ya hau, ringi ne suka cinye, in bai motsa ba, bawul ne ba ya rufewa.

Tazarar bawul kuwa ita ce na fi ganin ana mantawa da ita, alhali gyaranta bai wuce aikin sa'a ɗaya ba. Mutane sun ɗauka bawul sakwarkwacewa kawai yake yi ya riƙa ƙara, amma mafi haɗari shi ne wanda ya matse, domin shi ba ya ƙara ko kaɗan. Yayin da bawul ke ci gaba da bugun mazauninsa shekara da shekaru, yana nutsewa a hankali, tazarar tana raguwa. Injinan da aka ƙera a zamanin fetur mai dalma, musamman masu kan inji na baƙin ƙarfe, sun fi fuskantar wannan nutsewa a bawul ɗin hayaƙi tun da aka daina sa dalma a mai. Tazarar kanta ba ta da yawa tun asali: a Honda CB750 ta 1969 milimita 0.05 ce a bawul ɗin shiga, 0.08 a na fita, a injin Triumph 650 mai silinda biyu kuma 0.05 da 0.10, duka ana aunawa inji yana da sanyi. Idan wannan 'yar tazara ta ƙare, ƙarfe yana ɗumama ya ƙara tsawo, bawul ya kasa zama daram, matsi ya zube, babur ya mutu a silo. Ya huce, ya sake tashi kamar babu abin da ya faru. Wannan shi ne bayanin yawancin babura na rukuni na uku da na ambata, kuma idan aka bar su a haka bawul ɗin hayaƙi ƙonewa yake yi.

Daga nan sai wuta. Yawancin baburan wancan zamani suna aiki da kwantak, wato ƙarafa biyu da ke buɗewa su rufe domin katse wutar kwayil, na'urar da ke ƙara ƙarfin wuta ta aika wa fulogi. Tazararsu idan sun buɗe sosai tana kaiwa milimita 0.3 zuwa 0.4 a galibin babura, ta fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. Abin lura shi ne ɗan dunduniyar da ke gogar kam, wato ƙarfe mai tudu da ke juyawa yana buɗe kwantak, yana cinyewa, tazarar ta ragu, kuma raguwarta tana jinkirta lokacin tartsatsi, don haka duk wanda ya saita tazarar kwantak dole ne ya sake duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, bayan haka. Taimin da ya yi jinkiri yana sa silo ya yi sanyi-sanyi inji kuma ya yi zafi, wanda ya yi gaggawa yana sa silo ya yi sama kik kuma ya riƙa harbin ƙafa. Kwandensa, 'yar na'urar da ke kare kwantak daga tartsatsi, idan ta lalace, tartsatsi mai yawa yana tashi a bakin kwantak ya ƙona fuskarsa, kuma ita da kwayil dukansu suna da halin yin aiki da sanyi su gaza da zafi.

Akwai wani ƙaramin abu a bayan farantin kwantak da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana kwaikwayon ciwon kafireto har ya ruɗi ƙwararre. Shi ne na'urar da ke gaggauta taimin idan inji ya ƙara gudu: ƙarafa biyu masu nauyi da juyawa ke watsawa waje, da ƙananan sifirin da ke dawo da su idan gudu ya ragu. Idan sifirin sun saki, ko tsatsa da busasshen giris sun riƙe ƙarafan, to an saki totur amma taimin yana nan a gaba, injin ya ci gaba da gudu a juyi dubu biyu ko fiye. Mai babur ya ga haka ya rage sukurun silo, can sai ƙarafan su koma mazauninsu, silo ya faɗi ƙasa warwas, inji ya mutu. Gwajin ba shi da wuya. A murɗa kam ɗin da yatsa a sake shi, ya kamata ya koma da kansa nan take. Fitilar taimin kuma tana nuna komai a fili, domin za a ga alamar tana tafiya idan an ba da totur, tana dawowa idan an saki. Batir ma yana da hannu a nan ga baburan da wutarsu daga batir take zuwa. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 idan yana hutawa, kuma wanda ya raunana ba ya iya riƙe kwayil a silo, musamman idan fitila a kunne take. Waɗanda suka maye gurbin kwantak da na'urar lantarki su ma ba su tsira ba, domin wasu daga cikin irin waɗannan na'urori suna rikita taimin idan wutar batir ta yi ƙasa.

Sai an tabbatar da matsi da wuta sannan a juyo ɓangaren iska da mai, kuma a nan ma ba cikin kafireto za a fara shiga ba, tsakaninsa da inji za a fara dubawa. Robar da ke haɗa su tana bushewa ta tsage da tsufa, sau da yawa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ana gane yoyon iska ta hanyar fesa ɗan maganin wanke kafireto a mahaɗar yayin da inji ke silo, idan ƙarar ta sauya to akwai kafa. Wannan gwaji yana da haɗarin gobara, don haka a yi shi a fili, da 'yar fesa kaɗan, nesa da salansa da wayar fulogi, da abin kashe wuta a kusa. Baburan Ingila masu kafireton Amal suna da tasu matsalar ta daban. Jikin kafireton na ƙarfe ne mai laushi, kuma idan aka ɗaure notinan da ke riƙe shi fiye da kima, fuskarsa tana lanƙwasa, iska ta shiga, wani lokaci ma bututun da ƙofar totur ke hawa da sauka a cikinsa ya matse ƙofar ta maƙale. Ƙofar kanta tana cinyewa tare da bututun saboda girgiza, har ta riƙa kaɗawa a ciki. Kafireton da ya kai wannan matsayi ba ya riƙe saiti, domin duk sanda aka saki totur ƙofar tana zama a wani wuri dabam, kuma maganinsa sai dai sabuwar ƙofa, ko a sa wa bututun riga, ko a sauya shi ɗungurungum.

Ga babura masu bugu biyu, irin su Yamaha RD350 ta 1973, akwai ƙarin wurin yoyo, wato robobin da ke toshe gefe biyu na ƙarfen da ke juyawa a gindin inji, tun da cakuɗen mai da iska ta cikin wannan akwati yake bi kafin ya hau silinda. Robar gefen janareta idan ta mutu iska take ja, silo ya hau ya ƙi sauka, kuma wannan yana iya kai fistin ga narkewa. Ta gefen kuloci kuwa man giya take zuƙowa, hayaƙi ya yi yawa fulogi ya riƙa jiƙewa.

Yanzu ne aka iso cikin kafireto. Ya kamata a fahimci cewa ba hanya ɗaya mai ke bi a cikinsa ba. Daga rufe totur zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas na buɗewarsa, ƙaramin jet na silo ne ke ciyar da inji, jet kuwa ɗan ƙarfe ne mai siririn rami da ke ƙayyade yawan man da ke wucewa. Daga nan yankan da ke gindin ƙofar totur ya karɓa zuwa rubu'i, allurar da ke maƙale a ƙofar ta riƙe daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma ya ɗauki sauran. Wannan ne ya sa babur zai iya gudu sosai alhali ba ya silo, kuma sauya babban jet ko ɗaga allura ba ya taɓa matsalar ko kusa. Ramin jet na silo shi ne mafi ƙanƙanta a dukan kafireton. A Amal Concentric, wanda ya fito a 1967 ya gaji Monobloc, yawancin na babura masu bugu huɗu ba su da jet na silo da ake kwancewa, wani ɗan zobe ne da aka cusa can cikin jiki, faɗin raminsa inci 0.016, wato kimanin milimita 0.4. Rami irin wannan ba ya buƙatar datti mai yawa kafin ya toshe. Fetur idan ya daɗe a cikin kwanon kafireto, sassansa masu sauƙi suna tashi su bar wani danƙo mai kama da ƙaro, kuma fetur mai itanol ya ƙara tsananta lamarin. Nau'in E10, mai itanol har kashi 10 cikin 100, ya daɗe da zama gama-gari a Amurka, Birtaniya kuma ta mayar da shi fetur ɗinta na yau da kullum a 2021. Itanol yana jan laima daga iska, yana cin tsohuwar roba, yana kuma barin farin gari a jikin ƙarfen kafireto idan babur ya daɗe a ajiye.

Wankin da ake yi wa kafireto ta waje, ko a cire kwano a fesa magani a mayar, ba ya buɗe wannan hanya. Dole a kwance jet ɗin a ɗaga shi ga haske a ga rami zagayayye, a cire sukurun cakuɗa mai da iska tare da ɗan sifirinsa da zoben robarsa, a fesa magani ta kowace kafa har a ga yana fitowa ta ƙananan ramukan da ke cikin maƙogwaron kafireto kusa da gindin ƙofar totur, sannan a bi da iska mai ƙarfi. Ba na goyon bayan cusa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe mai tauri a cikin jet, domin tagulla ce mai laushi, kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Idan dole sai an zura wani abu, zare ɗaya na wayar tagulla mai laushi ya isa. Bayan wanki sai a duba fulot, wato abin da ke yawo a kan man cikin kwano yana rufe hanyar shigowarsa. Idan mai ya yi sama da inda ya kamata, silo zai shaƙe da mai, wani lokaci har ya riƙa zuba, idan kuma ya yi ƙasa, zuƙar silo mai rauni ba ta iya ɗago shi. Fulot na tagulla yana hujewa ya sha mai ya nutse, ana gane shi idan an girgiza an ji motsin ruwa. A kafireton Mikuni da makamantansa, cok wata hanyar mai ce ta daban da ɗan toshi mai roba a baki ke rufewa, kuma idan robar ta taurare mai yana ci gaba da sulalowa ko an kashe cok. Filtar iska da ta toshe, da ramin numfashi na murfin tanki, da tsatsar cikin tankin da za ta sake toshe jet ɗin bayan kwana biyu, duk a duba su a wannan zama.

Sai bayan wannan duka sukurun ke da amfani. Sukuru biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya yana ɗaga ƙofar totur kaɗan domin ƙara ko rage gudun silo, ɗayan yana daidaita cakuɗen mai da iska. Wannan na biyu kashi biyu ne, kuma rashin bambance su ya sa mutane da yawa suna murɗawa ta hanyar da ba ita ba. Idan yana ɓangaren da iska ke shigowa, galibi iska yake sarrafawa, ɗaure shi yana ƙara mai. Idan yana tsakanin ƙofar totur da inji, galibi mai yake sarrafawa, ɗaure shi yana rage mai. A fara da ɗaure shi a hankali har ya taɓa gindi, ba tare da matsawa ba domin bakinsa siriri ne, sannan a sassauta shi adadin da littafin babur ya faɗa, wanda a Amal da kafireto da yawa juyi ɗaya da rabi ne. A ɗumama inji sosai ta hanyar tafiya, a ɗan ɗaga silo sama da yadda ake so, a riƙa murɗa sukurun cakuɗa rubu'in juyi a lokaci guda ana jira 'yan daƙiƙu injin ya amsa, har a sami wurin da ƙarar ta fi tashi ta kuma fi daidaituwa. Daga nan a sauke gudun da ɗayan sukurun, a sake taɓa na cakuɗa kaɗan. Wurin da sukurun ya tsaya shi ma labari ne: idan murɗa shi ba ya sauya komai, hanyar silo tana nan a toshe ko iska na shiga ta wani wuri, idan kuma sai ya kusa faɗowa ko ya kusa rufewa sannan inji ke jin daɗi, girman jet ɗin ne bai dace ba. A tuna cewa injin da iska ke sanyayawa ba ya jure doguwar tsayuwa yana aiki, sai a sa masa fanka ko a riƙa hutar da shi, kuma kada a taɓa yin wannan aiki a rufaffen ɗaki saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba marar wari da ke kisa.

Babura masu kafireto fiye da ɗaya, kamar Triumph Bonneville mai biyu ko CB750 mai huɗu na Keihin, suna buƙatar a daidaita su domin kowace silinda ta ɗauki kaya daidai da 'yar'uwarta. Idan ƙofa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, silinda ɗaya ce ke jan sauran, silo ya riƙa tangal-tangal, sarƙa da kuloci su riƙa ƙara kamar wani abu ya karye a ciki. Ana yin wannan da gejin zuƙa da ake haɗawa a maƙogwaron kowane kafireto, kuma ba shi da ma'ana sai bayan an saita bawul da taimin, tun da su ne ke ƙayyade zuƙar da gejin ke aunawa.

Abubuwa biyu ne suka rage da ba su shafi ƙonewa ba amma suna ɓata silo. Kebul ɗin totur yana buƙatar sakin milimita 2 zuwa 3 a hannu, kuma idan ƙarar inji tana tashi sa'ad da aka juya kan babur hagu ko dama, kebul ɗin ne ya ɗame ko aka bi da shi ta gurguwar hanya. Babur ɗin da ke silo lafiya amma ya zabura ya mutu da zarar an sa giya ta ɗaya, kulocinsa ne ba ya saki gaba ɗaya.

Game da adadin juyin da za a tsaya a kai, ina ganin masu sha'awar tsofaffin babura da yawa suna wuce gona da iri wajen rage silo, domin suna son jin bugun inji ɗaya bayan ɗaya. Sautin yana da daɗi, amma famfon man inji da juyin injin yake tafiya, kuma a ƙaramin juyi man da ke isa kam da sassan saman inji yana raguwa, batir ba ya samun caji, kowane bugu kuma yana girgiza sarƙa da giya. Adadin da masana'anta suka rubuta a littafin babur shi ne ma'auni, a saita shi inji yana da cikakken zafi da fitila a kunne, sannan a gwada da murɗa totur a saki sau uku ko huɗu, a ga ƙarar tana dawowa wuri ɗaya kowane lokaci ba tare da ta maƙale a sama ko ta nutse ƙasa ba.